Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sakataren Lafiya Na Amurka Kan Baƙi Marasa Takardu A Sashen Gaggawa

Zuwa ga Mai girma Sakataren Ma'aikatar Lafiya da Ayyukan Jin Ƙai ta Amurka, Washinton.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne halin da baƙi marasa takardun izinin zama, waɗanda kafafen labarai suka fi kira baƙin haure, suke samun kansu a ciki idan ciwo ya kai su sashen gaggawa na asibitocin Amurka. Sashen gaggawa shi ne ɓangaren asibiti da ba a rufe ƙofarsa dare da rana, inda ake kai wanda ya yi haɗarin mota, ko wanda zuciyarsa ta buga, ko matar da naƙuda ta kama, kuma shi ne wurin da dokar tarayya ta hana a kori maras lafiya saboda rashin kuɗi ko rashin takarda. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 yawan irin waɗannan baƙi ya kai kimanin miliyan 14, akasarinsu daga Meziko da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka, ko da yake akwai 'yan Asiya da 'yan Afirka a cikinsu, har da mutanen Afirka ta Yamma mazauna unguwar Bronx ta birnin New York, inda ake jin Hausa a masallatai da shaguna. An rubuta wasiƙar da Hausa, an kuma bar ta a buɗe, domin dangin da suke gida suna jiran aike su ma suna da haƙƙin sanin abin da ɗansu zai tarar ranar da ya faɗi ciwo.

Mai girma Sakatare ba shi ke tsaron iyaka ba, ba kuma shi ke korar baƙi ba, domin wannan aikin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ne tare da hukumarta ta shige da fice da ake kira ICE. Amma a ƙarƙashin ofishinsa hukumar CMS take, wadda ke tafiyar da Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa, da kuma Medicaid, wato inshorar masu ƙaramin ƙarfi da tarayya da jihohi suke haɗa kuɗinta. A ƙarƙashinsa kuma ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar yake, wanda ke sa ido kan sirrin maras lafiya da hana nuna bambanci a asibiti. Saboda haka abin da mai wannan wasiƙa yake roƙo yana cikin ikonsa, wato a raba aikin likita da aikin jami'in shige da fice rabuwa ta ƙwarai, ta yadda wanda ya shiga asibiti da ciwo ba zai yi tsoron cewa takardar da ya cike a teburin karɓar marasa lafiya ita ce za ta kai masu kamu ƙofar gidansa ba.

Yana da kyau a tuna yadda aka yi har ƙofar ta buɗe. Kafin shekarar 1986 asibitoci masu zaman kansu sun saba tura duk wanda ba shi da inshora zuwa asibitin gwamnati, ko da kuwa yana zubar da jini ko yana tsakiyar bugun zuciya, har wasu sukan cika a hanya. Likitocin asibitin Cook County da ke Shikago sun bi diddigin marasa lafiya 467 da aka turo musu ta wannan hanya, suka wallafa sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a farkon 1986, inda suka nuna cewa a kimanin kashi 87 cikin 100 rashin inshora ne dalilin turowar, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ba su cikin yanayin da ya dace a ɗaga su daga gado. A watan Afrilu na wannan shekarar Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da EMTALA, wadda ta ɗora wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare kuma yake da sashen gaggawa, wato kusan dukkan asibitocin ƙasar, nauyin duba duk mutumin da ya zo neman taimako don a gano ko ciwonsa na gaggawa ne. Idan na gaggawa ne, wajibi ne a yi masa magani har ya fita daga haɗarin da yake ciki, kuma ba a tura shi wani asibiti kafin hakan sai da roƙonsa ko da shaidar likita cewa amfanin turawar ya fi haɗarinta, sannan asibitin da za a kai shi ya yarda ya karɓe shi. Dokar ta kuma hana a jinkirta duba maras lafiya don a tambaye shi yadda zai biya. Babu inda ta ware ɗan ƙasa daga baƙo, kuma majalisar da ta rubuta ta ta san da baƙi marasa takardu sarai, tunda a wannan shekarar ce dai ta zartar da dokar da ta bai wa kimanin miliyan 2.7 daga cikinsu izinin zama.

Sai dai dokar EMTALA ta tsaya a inda haɗari ya tsaya. Da zarar likita ya shaida cewa maras lafiya ya daidaita, nauyin asibiti ya sauka, kuma dokar ba ta zo da kuɗin biyan aikin ba. Giɓin kuɗin ne ya sa aka samar da abin da ake kira Medicaid na gaggawa, wanda ke biyan asibiti kuɗin jinyar gaggawa, har da haihuwa, ta mutumin da talaucinsa ya kai a ba shi Medicaid in ba don matsayinsa na baƙo ba. Kuɗin asibiti yake shiga, ba aljihun maras lafiya, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na duk abin da Medicaid ke kashewa ba. Bayan wannan, sauran hanyoyin a toshe suke: dokar garambawul ga tallafin jin daɗin jama'a ta 1996 ta hana marasa takardu mafi yawan tallafin tarayya, dokar inshorar lafiya ta 2010 kuma ta hana su sayen inshora a kasuwar da gwamnati ta kafa ko da da kuɗinsu ne. Sakamakon haka shi ne mai hawan jini ko ciwon suga, wanda ƙwayoyi masu araha da ganin likita lokaci-lokaci za su riƙe shi shekaru, yakan zauna da ciwonsa har sai ya shanye masa ɓarin jiki, ko ya ci masa ƙafa, ko ya kashe masa ƙoda, sannan ya cancanci a kula da shi.

Babu inda illar wannan tsari ta fito fili kamar a ciwon ƙoda, don haka ya kamata a daɗe a kansa. Ƙoda ita ce ke tace jini, tana fitar da ruwan da ya yi yawa da gubar da jiki ke tarawa ta hanyar fitsari, kuma idan ta daina aiki gaba ɗaya babu makawa sai wankin ƙoda ko dashe. Wankin ƙoda shi ne a haɗa jijiyar maras lafiya da na'ura, jininsa ya riƙa zagayawa ta cikin matata yana komawa jiki, kuma ƙa'idarsa sau uku ne a mako, kimanin awa huɗu kowane zama. Tun 1972, lokacin Shugaba Richard Nixon, Amurka ta ɗauki nauyin wannan wanki ga kusan duk ɗan ƙasar da ƙodarsa ta mutu ta hanyar Medicare, ba tare da duba shekarunsa ba. Baƙo maras takarda ba ya cikin wannan alkawari, kuma a jihohi da dama ba a yi masa wanki sai ya zo sashen gaggawa cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Yakan kwashe kwanaki a gida ruwa yana taruwa a jikinsa, ƙafafu su kumbura, huhu ya cika har ya kasa kwanciya sai dai ya kwana a zaune yana haki, amai ya hana shi cin abinci, sinadarin fotasiyam kuma ya yi ta hawa a jininsa, alhali shi wannan sinadari idan ya wuce kima yana rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita nan take. Idan ya iso asibiti sai a ɗebi jininsa a auna, kuma idan alƙaluman ba su kai matakin da aka sa wa suna gaggawa ba, ana iya sallamar sa ya koma gida ya ƙara jigata tukuna. Wasu daga cikin marasa lafiyar da masu bincike suka zanta da su a birnin Denver sun bayyana cewa sukan ci abinci ko su sha abin sha mai yawan fotasiyam da gangan kafin su shiga asibiti, don kada a mayar da su. Duk ƙa'idar da ta kai maras lafiya ga ƙara wa kansa guba domin ya cancanci magani ta saɓa wa manufar da aka kafa asibiti dominta.

Alƙaluman da aka tattara sun tabbatar da abin da hankali ya riga ya hango. Dakta Lilia Cervantes da abokan aikinta sun kwatanta marasa takardu da ake yi wa wankin gaggawa kawai a Denver da Houston da waɗanda ake yi wa wanki na ƙa'ida a San Faransisko, suka wallafa a mujallar JAMA Internal Medicine a 2018 cewa cikin shekara biyar haɗarin mutuwar rukunin farko ya ninka na rukuni na biyu kimanin sau 14. Wani bincike da aka yi a Dallas, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa cikin shekara guda kashi 17 cikin 100 na masu wankin gaggawa sun rasu, alhali kashi 3 ne kawai suka rasu a cikin waɗanda suka koma wanki na ƙa'ida. Da a ce tsarin yana ceton kuɗi, da masu kare shi sun sami abin faɗa, to amma tun 2007 bincike a Houston ya nuna cewa wankin gaggawa ya fi na ƙa'ida tsada kusan ninki huɗu, saboda kowane zuwa yana cin gwaje-gwaje da gadon asibiti, wani lokacin har da ɗakin kulawa ta musamman. Likitoci da ma'aikatan jinya su ma ba su tsira ba, domin wani binciken da aka wallafa a 2018 ya rubuta irin ƙuncin zuciya da gajiyar da ke kama ma'aikacin da ya san maganin, yake da na'urar a gabansa, amma ƙa'ida ta tilasta masa ya ce wa maras lafiya ya je ya dawo. A 2019 jihar Kolorado ta gyara lamarin ba tare da jiran wata sabuwar dokar tarayya ba: hukumar Medicaid ta jihar ta ayyana mutuwar ƙoda kanta a matsayin ciwon gaggawa, sai wanki sau uku a mako ya shiga cikin abin da ake biya, kamar yadda Kalifoniya da New York suka riga suka yi. Hanyar a buɗe take ga kowace jiha, kuma jagora bayyananne daga hukumar CMS zai kawar da shakkar jihohin da suke jan ƙafa.

Masu cewa bai kamata mai biyan haraji ya ɗauki jinyar wanda ya shigo ƙasa ba bisa ƙa'ida ba suna da damuwar da ta cancanci amsa, musamman asibitocin jihohin kan iyaka da nauyin ya fi faɗa wa, kuma majalisa kanta ta amince da hakan lokacin da ta ware dala miliyan 250 a kowace shekara daga 2005 zuwa 2008 don rage musu asara. Amma lissafin yana da ɗaya ɓangaren. Cibiyar nazarin haraji ta ITEP ta ƙiyasta cewa a 2022 baƙi marasa takardu sun biya haraji na kusan dala biliyan 97, daga ciki sama da biliyan 6 sun shiga asusun Medicare, shirin da ba su da damar amfana da shi. Mutanen da suke tsinkar 'ya'yan itatuwa a gonakin Kalifoniya, suke yankan nama a masana'antu, suke rufin gidaje cikin zafin Teksas, suke kula da tsofaffi a gidajensu, suna tallafa wa jinyar wasu ne da guminsu. Dokar kasafi da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tanadi rage kason da tarayya ke biya na wani ɓangare na Medicaid na gaggawa daga Oktoban 2026, kuma tunda EMTALA tana nan daram, ragin ba zai rage yawan masu zuwa ba, sai dai ya mayar da nauyin kan jihohi da asibitoci, waɗanda da yawansu a karkara da ma da ƙyar suke tsaye.

Duk wannan magana ce ta wanda ya iso asibiti. Babban abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne wanda tsoro ya hana shi isowa. A watan Oktoban 2011 shugaban hukumar ICE na lokacin, John Morton, ya fitar da umarnin da ya taƙaita kamu a wurare irin su makarantu da wuraren ibada da asibitoci, a 2021 kuma Sakataren Tsaron Cikin Gida Alejandro Mayorkas ya faɗaɗa shi. Ko a lokacin da umarnin yake aiki an sami abin takaici. A Oktoban 2017 jami'an tsaron iyaka suka tsayar da motar asibiti a shingen bincike tsakanin Laredo da Corpus Christi a jihar Teksas, tana ɗauke da yarinya 'yar shekara 10 mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi, wadda aka shigo da ita ƙasar tun tana jaririya, ana kai ta tiyatar matsarmama. Suka bi motar har asibiti, suka jira aka gama tiyata, sannan aka wuce da ita gidan ajiye yara baƙi a San Antonio, wanda ke ƙarƙashin kulawar wannan ma'aikata da ake rubuta wa wasiƙa, kuma ba a mayar da ita ga iyayenta ba sai bayan an shigar da ƙara. A watan Janairun 2025 aka soke umarnin kariyar baki ɗaya. Dokar EMTALA ta 1986 ba ta canja ba, amma ƙasar ta zama kamar maigidan da ya buɗe ƙofar zaure ya ce kowa ya shigo, sannan ya ɗaure kare a bakinta.

Wasu jihohi sun ƙara nasu. Dokar da Filorida ta fara aiki da ita a Yulin 2023 ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar Medicaid su sa tambayar matsayin zama a takardar karɓar maras lafiya, Gwamna Greg Abbott na Teksas kuma ya ba da umarni makamancin haka wanda ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 2024. Gaskiya ne cewa a jihohin biyu ana shaida wa maras lafiya cewa amsarsa ba za ta shafi jinyarsa ba, kuma yana iya ƙin amsawa, abin da ake aika wa gwamnati kuma jimilla ce ba sunaye ba. Amma wannan bayani ne na lauya, kuma mutumin da ya zo da tsakar dare riƙe da ƙirji, ba ya jin Turanci sosai, abin da zai ɗauka ya kai wa maƙwabtansa shi ne asibiti yana tambayar takarda. Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka, ACEP, ta daɗe da bayyana adawarta da duk wani tsari da zai sa likita ya ƙi jinyar maras takarda ko ya kai rahotonsa, kuma hujjarta ta aiki ce: likitan gaggawa yana dogara ne da abin da maras lafiya ya faɗa masa cikin 'yan mintuna, wanda kuwa yake tsoro yakan ɓoye sunansa, da inda ya ji rauni, da maganin da yake sha, da ƙasar da ya fito, alhali sanin ƙasar kaɗai yana iya sa likita ya tuna da zazzaɓin cizon sauro a wurin da ba a saba ganinsa ba.

Abin da ya fi kowanne nauyi a wuyan wannan ofishi shi ne batun bayanan Medicaid. A 2013 hukumar ICE ta bayyana a rubuce cewa ba za ta yi amfani da bayanan da mutane suka bayar wajen neman inshorar lafiya don kamun baƙi ba, kuma bisa wannan tabbaci ma'aikatan asibiti suka yi shekaru suna kwantar wa mutane hankali. A watan Yunin 2025 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa hukumar CMS ta miƙa wa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida bayanan masu Medicaid na wasu jihohi, da suka haɗa da Kalifoniya da Illinois da jihar Washinton, a watan Yuli kuma ya ruwaito yarjejeniyar da ta bai wa ICE damar duba bayanan mutum miliyan 79, har da sunaye da adireshi. Jihohi 20 suka kai ƙara kotun tarayya a San Faransisko, alƙali kuma ya dakatar da aikin na wucin gadi a watan Agusta. Ko ma yaya kotuna suka ƙare da maganar, abin da doka ta halatta daban yake da abin da ya dace da ma'aikatar lafiya. Sau da yawa ma'aikacin asibiti ne yake cike wa maras lafiya takardar Medicaid na gaggawa domin asibitin ya sami kuɗinsa, don haka matar da ta haihu ta ba da adireshinta ne a kan gadon haihuwa bisa amana. Sama da yara miliyan 4 da aka haifa a Amurka suna zaune da uwa ko uba maras takarda, kuma uwar da ta ji cewa rajistar asibiti tana kaiwa ga kamu za ta yi jinkirin kai ɗanta mai ciwon asma, ɗan da shi ɗan ƙasa ne.

Jinkirin kuwa ba a kan mai shi kaɗai yake tsayawa ba. A 1994, shekarar da masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙudurin da ake kira na 187, wanda ya nemi ma'aikatan lafiya su kai rahoton duk wanda suke zargin ba shi da takarda kafin kotu ta hana aiwatar da shi, an wallafa wani bincike kan masu tarin fuka a Los Angeles wanda ya nuna cewa masu tsoron jami'an shige da fice sun fi sauran jinkirta zuwa asibiti har fiye da wata biyu. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, kuma mai tarin da ya ƙi zuwa asibiti yana ci gaba da shiga motar haya, yana aiki a ɗakin girkin gidan abinci, yana kwana ɗaki ɗaya da yaran da gobe za su tafi makaranta. Ma'aikatar da ke riƙe da cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC ta fi kowa sanin cewa rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma buƙatar asibitoci su san iyakar abin da za a iya tilasta musu. Takardar kamu da jami'in shige da fice ya sa wa hannu daban take da wadda alƙali ya sa wa hannu, kuma ta farkon ba ta ba da izinin kutsawa ɗakin duba maras lafiya ko buɗe fayil ɗinsa ba. Dokar sirrin maras lafiya ta 1996, wadda ake kira HIPAA, ta ƙayyade yanayin da ake iya bayyana wa jami'an tsaro bayanai, amma ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ba za ta iya warware wannan ita kaɗai a gaban mutane masu kaki ba sai an rubuta mata shi dalla-dalla tun da wuri.

Batun harshe ma na wannan ofishi ne. Sashe na shida na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ya hana duk cibiyar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasa, kuma a kansa aka gina wajabcin samar da tafinta. Binciken da Dakta Glenn Flores ya jagoranta a sassan gaggawa na yara, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa kashi 22 cikin 100 na kurakuran fassara masu iya cutarwa ne idan dangi ko wani na kusa ya yi tafinta, amma kashi 12 ne idan ƙwararre ya yi. Ga masu jin Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, da masu harsunan Maya na Gwatamala, matsalar ta fi tsanani, domin samun tafintansu ya fi na Sifaniyanci wuya, sai a jawo ɗan maras lafiya a ce ya fassara. Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗanta a al'adar Hausawa ya san cewa matar da ke zubar da jini saboda cikin da ya zauna a wajen mahaifa ba za ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe ta bakin ɗanta namiji ba, za ta ce ciwon ciki ne kawai, kuma wannan ciwo yana kisa cikin sa'o'i. A watan Maris na 2025 aka soke umarnin shugaban ƙasa na shekarar 2000 kan taimaka wa masu ƙarancin Turanci, amma dokar 1964 tana nan, kuma asibitoci suna buƙatar su ji daga Mai girma Sakatare cewa nauyin bai sauka daga kansu ba.

Ragowar matsala ita ce ta bayan jinya. Wanda ya ji mummunan rauni a ka ko a laka yakan buƙaci gidan jinya na dogon lokaci, gidajen kuma ba sa karɓar wanda ba mai biya masa, don haka wasu asibitoci sukan yi hayar jirgi su mayar da shi ƙasarsa da kansu, ba tare da kotun shige da fice ba. Haka wani asibiti a Filorida ya yi a 2003 da wani ɗan Gwatamala da direba mai maye ya raunata masa ƙwaƙwalwa, kuma rahoton da makarantar lauyoyi ta Seton Hall ta fitar tare da wata ƙungiyar lauyoyi ta New York a 2012 ya tattaro sama da 800 na irin wannan mayarwa ko yunƙurinta cikin shekara shida. Korar baƙo hukunci ne na gwamnati da ake yankewa bisa shari'a, kuma bai kamata ofishin kuɗi na asibiti ya riƙa yanke shi ba.

Bisa waɗannan dalilai mai wannan wasiƙa yake roƙon Mai girma Sakatare ya dakatar da miƙa bayanan Medicaid ga hukumomin shige da fice, ya kuma sanar da hakan a fili cikin harsunan da baƙin suke ji, domin labarin miƙawar ya riga ya shiga unguwanni kuma ba zai fita ba sai da sanarwa mai ƙarfi irinsa. Yana roƙon hukumar CMS ta rubuta wa asibitoci cewa ba a yi wa kowa tambayar matsayin zama kafin a duba shi a kuma fitar da shi daga haɗari, ta shaida wa jihohi cewa wankin ƙoda na ƙa'ida yana shiga ƙarƙashin Medicaid na gaggawa, ta kuma hana a ɗauki maras lafiya zuwa wata ƙasa ba da yardarsa da ya bayar ta bakin ƙwararren tafinta ba. Yana kuma roƙon Mai girma Sakatare ya yi magana da takwaransa na Tsaron Cikin Gida a mayar da asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya cikin wuraren da ba a kamu a cikinsu. Galibin waɗannan matakai ba sa buƙatar sabuwar doka daga majalisa, sa hannun ofishinsa suke jira, kuma ana fatan zai sa shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Haza wassalam.